Kokatil na farko a gidanmu: masu kiwonsa a Kano, ku faɗa mana yadda kuka fara

Maman Biyu, Hotoro:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana huɗu da maigida ya kawo wa yara kokatil, ɗan akun nan mai zanko da jan ɗigo a kumatu. Tun da ya shigo gidan bai yi fito ko sau ɗaya ba. Yana maƙale a lungun keji, zanko a tsaye cak, in na kai hannu sai ya buɗe baki yana huci. Na zuba masa gero, kwanon yana nan yadda na bar shi. Mai sayarwa ya ce namiji ne, ɗan wata biyar. Wallahi tausayinsa ya hana ni sakat. Waɗanda suka taɓa riƙe shi, don Allah ku taimaka mini da abin da kuka gani da idonku.

Mai Tantabaru, Gwale:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, ɗauki kwanon nan ki hura shi a hankali. In kika ga ɓawo ya tashi, to yana ci a bayan idonki. Shi ba kamar tantabara ba ne da take haɗiye ƙwaya ɗungurungum, ɓarewa yake yi ya bar ɓawon a ciki. Saura kaɗan wannan ya kashe mini nawa na farko: kwana biyu ina ganin kwano a cike, ashe ba ƙwaya ko ɗaya. Tun daga ranar kullum safiya sai na hure na ƙara sabo.

Hucin kuma tsoro ne, ba mugunta ba. Ki jingina kejin da bango don ya san bayansa a tsare yake, ki hana yara zura yatsa na mako guda. Ki riƙa zama kusa kina tsinar shinkafarki kina yi masa magana. Bayan nan ki samo zangarniyar gero ki miƙa masa ta tsakanin wayoyin keji. Nawa sai da ya kwana goma sha ɗaya kafin ya ci daga hannuna.

Anti Nas, Rijiyar Zaki:
Maman Biyu, ni abin da zan faɗa miki har yau yana yi mini ciwo. Tawa fara ce mai ratsin ɗorawa, na yi wata takwas da ita, har ta saba sauka a kafaɗata tana jan ɗankunnena in na dawo daga aiki. Wata ranar Juma'a cikin hunturu na rufe tagogi saboda ƙura, na zuba turaren wuta a kasko na ajiye a falo kamar yadda kowace mace take yi, na shiga wanka. Ko rabin sa'a ban yi ba. Na fito na tarar da ita a ƙasan keji, baki a buɗe, jela tana hawa tana sauka da kowane numfashi. Na fita da ita tsakar gida a tafin hannuna, kafin la'asar ta cika.

Daga baya likitan dabbobi ya yi mini bayani cewa numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne. Ban da huhu yana da wasu jakunkunan iska a cikin jiki, shi ya sa hayaƙin da mu za mu ɗan yi tari mu wuce, shi yana iya kai shi ƙasa. Ya lissafa mini maganin sauro na kunnawa da na fesawa, hayaƙin gawayi, na janareta, turaren ɗaki na feshi, har da tukunyar nan da abinci ba ya kamawa a cikinta idan aka bar ta a kan wuta ta yi zafi fiye da kima. Ki duba, duk abubuwan da ba a raba gidan Kano da su. Yanzu ina da wani, amma kafin a kunna komai sai an kai shi ɗakin da hayaƙin ba ya isa, kuma ba ya dawowa sai ƙamshin ya fita sarai. Kicin kuwa bai taɓa shiga ba.

Ɗan Fagge:
Allah ya mayar da alheri, Anti. Ni da dare na sha tawa wahalar. Aka ɗauke wuta wajen ƙarfe biyu, mage ta gifta ta taga, sai na ji keji ya kaure da fafur-fafur. Na haska fitila na ga jini a fiffike, sabon gashi ne da ke tsirowa ya karye. Garin masara na danna a wurin har ya tsaya. An san kokatil da wannan firgitar dare, ba ya gani sosai a duhu. Ƙaramar fitilar sola nake bar masa yanzu, mai dishi-dishi, kuma bai sake ba. Sannan fanka: duk ranar da za ki sake shi a ɗaki, ki kashe ta da hannunki, ki rufe ƙofa. Na abokina ya fice ta ƙofar da yaro ya buɗe, ga shirwa a sama, ba a sake ganinsa ba.

Malamin Sakandare, Kabuga:
Maganar namiji ne, Hajiya, ki ɗan jira tukuna. A irin mai launin toka, ƙanana duk kamannin mace suke da shi. Sai sun yi zubar gashi ta farko, tsakanin wata 6 zuwa 9, sannan fuskar namiji take rinewa ɗorawa shar, ratsin da ke ƙarƙashin jela ya ɓace. Mace tana riƙe nata ratsin. Namiji ne gwanin fito, amma kada yara su sa rai zai yi surutu kamar aku mai jar jela.

Asalinsa tsuntsun Ostiraliya ne, daga busassun yankunan cikin ƙasar, kuma garke-garke suke yawo. Abin da ya sa zaman kaɗaici yake cin sa ke nan. Yana jure yanayinmu, amma zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ba abin wasa ba ne a ƙarƙashin kwano. In na ga nawa ya ware fukafukai yana haki, sai na fesa masa ruwa sama-sama na mayar da shi inuwa. Kuma ku sani yana kai shekara 15 zuwa 20. Nawa yau shekararsa tara, ya girmi autana.

Hajiya Babba, Ƙofar Nassarawa:
'Yata, gero kaɗai ba ya riƙe shi. Tawa mace ce, ita kaɗai, ba namiji, sai ga ta ta saka ƙwai biyar a kwanon abinci. Ban sani ba na kwashe, ta sake saka wasu, har ƙafafunta suka yi sanyi. Ashe bar mata ake yi ta kwanta a kai kamar mako uku ta gaji don kanta. Yanzu ina dafa ɓawon ƙwai na daka mata, ga zogale, alayyafo da karas da nake wankewa na maƙala a keji. Ta yi kusan wata tana kallon ganyen kafin ta taɓa. Piya, albasa, cakulan, goro da duk abin da aka sa wa gishiri ba sa zuwa kusa da ita.

Wata maƙwabciya ta ce mini tsare tsuntsu alhaki ne. Na tuna mata da ƙanin Anas, Abu Umair, da yake da ɗan tsuntsunsa har Manzon Allah (SAW) yake tambayarsa labarinsa. Amma na kuma gaya mata ban manta da matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha ba. Shi ya sa ko biki zan je sai na bar wa jikata amanarta.

Mai Tantabaru, Gwale:
Ni dai shawarata a ƙaro masa ɗan uwa, tunda kowa yana fita aiki.

Ɗan Fagge:
Yaya, a nan ban bi ka ba. A bari ya saba da mutanen gida tukuna. Kuma sabon da za a kawo sai ya yi wata guda a keji daban, a ɗaki daban, don ba a san ciwon da ya ɗauko daga kasuwa ba.

Maman Biyu, Hotoro:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na hura kwanon, ɓawo ne ya fi rabi. Na mayar da kejin jikin bango, kaskon turare kuma ya koma ɗakina. Jiya bayan isha'i na ji yana goga baki ƙuras-ƙuras, ya naɗe ƙafa ɗaya, zankon ya ɗan kwanta. Malam, wannan ciwo ne ko barci yake ji?

Malamin Sakandare, Kabuga:
Ba ciwo ba ne, Hajiya. Haka suke yi in hankalinsu ya kwanta za su yi barci. Ki rage masa haske, gobe da safe ki gwada zangarniyar.