Bakin tafki ko cikin daji? Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa kwana a tanti a Adirondack

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu hutun kwana huɗu a tsakiyar Agusta, yara kuma sun tasa ni gaba sai mun je mun kwana a tanti. Mu biyar ne: ni, maiɗakina, yara biyu, mai shekara 9 da mai shekara 4, sai surukata da ta zo mana ziyara. Hajiya tana fama da gwiwa, tsugunno da doguwar tafiya ba nata ba ne. Daga Bronx za mu tashi, motar ƙarama ce, ba mu da kwale-kwale, kuma babu wanda ya taɓa kafa tanti a cikinmu. Yankin tafkunan Adirondack nake dubawa, can arewacin jihar New York. Abin da ya ɗaure mini kai: mu biya kuɗi mu kama wuri a sansanin da ke bakin ruwa mai banɗaki da famfo, ko mu tafi irin wuraren cikin daji na kyauta da babu komai sai masai da murhu? Dare uku kawai. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka.

Ɗan Zongo: Wa alaikumus salam. Tsibiri kawai, Malam! Saranac Lake Islands. Ka loda kayanka a kwale-kwale, ka tuƙa, ka sauka a wurin da babu kowa sai kai da Allahnka. Wanda bai kwana a tsibiri ba bai je ba.

Maman Khairat: Ɗan Zongo, mutum ya ce ba shi da kwale-kwale, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa. A bayanka za ka goya ta?

Injiniya Albany: Ka yi hattara da baƙaƙen ƙudajen nan masu cizo. Sun taɓa mayar mini da wuya kamar an yi mini sakiya. Ba sa jin maganin sauro sosai, sai ka sa raga a fuska.

Maman Khairat: Injiniya, lokacinsu daga tsakiyar Mayu ne zuwa ƙarshen Yuni. Shi Agusta ya ce. A Agusta sauro ne da magariba, sai kaska idan yara sun shiga ciyawa, a riƙa duba jikinsu kafin barci. Baban Ilham, ni dai Fish Creek Pond muka je sau biyu, kusa da garin Saranac Lake. Wurare sun fi 300, kuma yawancinsu a bakin ruwa suke, ka ajiye motarka a gefen tantinka. Akwai banɗaki na zama, akwai wurin wanka, ana ba da hayar kwale-kwale. Dala 22 muka biya a dare. In kana son inda ya fi shiru, Rollins Pond na bayansa, ta ƙofa ɗaya ake shiga.

Alhaji Na Newark: Dala 22? Hajiya, 27 na biya, rasit ɗina yana nan.

Mai Taksi 87: Ku bar maganar dala 22 da 27, ku tsaya in ba ku labarin "bakin ruwa", don ni jiki magayi.

Shekara biyu ke nan. Na ga hoto a intanet, wani sansani na ɗan kasuwa, ba zan faɗi suna ba. Ruwa shuɗi, rana tana faɗuwa, tebur a ƙarƙashin bishiya. Na biya dala 65 a dare, dare uku, kuɗi gaba ɗaya. Na tashi aiki da azahar, muka kama babbar hanya mai lamba 87, cunkoso ya riƙe mu, ba mu isa ba sai da duhu ya yi. Da tocila a baki na kafa tanti, yara suna kuka, uwarsu tana riƙe da takardar bayani a juye. Ina buga turke ina jin yana shigewa ba gardama, na ce kai, ƙasar nan akwai laushi, Allah ya ba mu sa'a. Ashe fadama ce.

Maƙwabcinmu yana da irin babbar motar nan mai ɗaki da kicin, ya kunna janareta, hayaƙin yana shigo mana kai tsaye. Na je na yi masa magana cikin ladabi, ya ce shi ma kuɗi ya biya. Wajen ƙarfe biyun dare hadari ya taso. Ruwan sama bai dame ni ba, rufin tantin ya riƙe. Ta ƙasa ruwan ya zo. Duk abin da ya zuba a kan tudu, wurinmu ne magangararsa kafin ya shiga tafki. Kuma ga kuskuren da na yi da hannuna: tamfol ɗin da na shimfiɗa a ƙarƙashin tanti ya fi tantin faɗi, bakinsa ya leƙo waje, sai ya zama kamar faranti, yana tara ruwa yana turo shi ƙarƙashinmu. Na farka na ji katifa tana lilo. Na kai hannu in ɗauki waya, na ji hannuna cikin ruwa har wuyan hannu.

Muka kwashi yara muka koma mota, jiƙe sharkaf. Na bar fitilar ciki a kunne saboda ƙaramar tana tsoro. Da safe mota ta ƙi tashi. Babu sabis ko ɗigo. Da gari ya waye ne ma na ga "bakin ruwan" da na saya: ciyayi ne masu tsayi sun fi ni, tafkin yana can bayansu, sai ka hau tebur za ka hango shi. Na je wurin mai sansanin, na ce a canza mini wuri ko a mayar mini da kuɗin dare biyu. Ya nuna mini wani rubutu ƙanana a ƙasan takarda, wai ba a mayar da kuɗi saboda yanayi. Mutumin janareta ne ma ya tayar mini da mota, kunya kamar ƙasa ta tsage. Har yau in na ce "tanti" a gidana, sai a tambaye ni ko na gaji da zaman lafiya ne.

Ɗan Zongo: Inna lillahi. Amma Mai Taksi, ka biya kuɗin bakin ruwa, aka ba ka har da cikin ruwa. Gyara aka yi maka.

Mai Taksi 87: Ka yi dariya, ranarka tana zuwa, kai da tsibirinka.

Hajiya Uwani: Allah ya kiyaye gaba. Ni abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan yara ne. Mai shekara 4 a bakin ruwa, ido ɗaya ka ɗauke shi ke nan. Baban Ilham, duk inda ka zaɓa, ka sayi rigar ceto daidai jikinta ta riƙa yawo da ita. Dokar jihar ma ta ce yaron da bai kai shekara 12 ba dole ya sa ta a cikin ƙaramin jirgin ruwa.

Injiniya Albany: Abin da ya sami Mai Taksi shi ya sa na daina sansanin kuɗi. Dajin gwamnati kyauta ne. Yankin nan eka miliyan 6 ne, tun 1892 aka keɓe shi, sai ka je ka matse kanka tsakanin janareta biyu? Ƙa'idar ba ta da wuya. Ka nemi wurin da aka lika ɗan faifai ruwan ɗorawa a jikin bishiya mai hoton tanti, nan an yarda ka kafa. In babu faifan, ka ja baya ƙafa 150 daga ruwa, daga hanya, daga turbar masu tafiya. In za ka wuce dare uku a wuri ɗaya, ko kun kai mutum goma, sai ka karɓi izini wurin jami'in gandun daji. Kai dare uku ne, ba ruwanka da takarda. Misali dajin Moose River Plains, tsakanin garuruwan Inlet da Indian Lake, mota tana kaiwa har wurin, akwai wurare fiye da 100, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Ruwan sha ka tafasa ko ka tace, kada ka ga ya yi garau ka ɗirka, akwai ƙwayar cutar da ke sa gudawa ta makonni.

Maman Khairat: Hanyar ƙasa ce mai tsakuwa, Injiniya, mil da yawa, shi kuma ƙaramar mota cike da mutum biyar. Kuma in ya isa ranar Juma'a da yamma ya tarar duk an kama, ya yi yaya da tsohuwa? Kai gwauro ne, in ba ka samu wuri ba ka kwana a mota ka kira shi yawon buɗe ido.

Injiniya Albany: Hajiya, shekara tara ina shiga dajin nan. Wanda ya je sau biyu ya zauna kusa da famfo bai kamata ya riƙa gyara mini magana ba.

Maman Khairat: Sau biyun nan da yara uku na yi su. Ka taɓa raka yaro masai ƙarfe ukun dare da tocila, yana cewa akwai abu a cikin ramin? In ba ka taɓa ba, shekara taran naka na wani darasi ne daban.

Alhaji Na Newark: Ku yi haƙuri da juna. Ni dai har yanzu maganar kuɗi ce ta tsaya mini. Ta yaya wuri ɗaya zai zama 22 a wurin wata, 27 a wurina?

Malam Buffalo: Alhaji, ranka ya daɗe, a New Jersey kake zaune. Sansanonin jihar New York suna ƙara dala 5 a kowane dare ga wanda ba mazaunin jihar ba. Ku duka biyun gaskiya kuka faɗa. Akwai kuma kuɗin rajista da ake ɗorawa sau ɗaya a kan kowane kamun wuri, shi ya sa jimillar ba ta taɓa fitowa yadda mutum ya lissafa. Sannan itace: kada kowa ya ɗauko daga gida. An hana kai ɗanyen itacen da ba a gasa ba nesa da mil 50 daga inda aka sare shi, saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi. A can za ka saya. Ni dala 7 nake sayen ƙulli a bakin hanya.

Mai Taksi 87: Dala 7 a ina? Ni 12 mutumin nan ya sayar mini, kuma jiƙaƙƙe, hayaƙi kawai yake yi. Na manta ban faɗa muku ba, a daren nan har wata dabba mai baƙin zane a ido kamar ɓarawo ta buɗe mana kula ta kwashe burodi.

Ɗan Zongo: Ka gode Allah ita ce. Da beyar ce ta ji ƙanshin kilishin Alhaji Na Newark, da har New Jersey za ta bi shi ta nemi adireshin mai yi.

Injiniya Albany: Ba abin wasa ba ne. Dole ne kowa ya sa abinci a cikin gwangwanin da beyar ba ta iya buɗewa, doka ce.

Malam Buffalo: Doka ce a gabashin High Peaks, yankin manyan duwatsun Adirondack, daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Nuwamba, ga masu kwana a can cikin duwatsu. A sansanin da mota take kusa da kai, abinci da shara da man goge baki duk ka kulle su a but ɗin mota, kada ko biskit ya kwana a tanti. Abin da na fi jin tsoro ma ba beyar ba ce. Dare yana sanyi ko a Agusta, na taɓa tashi da asuba na ga digiri 45 a ma'aunin zafi na nan Amurka, wato kamar 7 a na Celsius da muka saba. Sai mutum ya ce bari ya shigo da gawayi ko risho cikin tanti don Hajiya ta ji ɗumi. Kada a yi, wallahi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, barci kawai mutum zai yi ya wuce. Bargo biyu da hula da safa sun wadatar, kuma a samar wa tsohuwa gadon zango mai naɗewa don kada ta sha wuyar tashi daga ƙasa.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To na duba Fish Creek ɗin yanzu, duk wuraren bakin ruwa na Agusta an kama. Haka abin yake?

Maman Khairat: Ai wata tara kafin ranar ake buɗe kamun wuri. Na Agusta tun Nuwamba ake wawashe su. Ka riƙa leƙawa safe da yamma, mutane suna fasawa, musamman ranakun tsakiyar mako.

Hajiya Uwani: Da suna fasawa ai da sauƙi. Bara dare huɗu muka yi a layin baya, wurin da ke gabanmu a bakin ruwa babu kowa tun daga ranar da muka zo sai daren ƙarshe. An biya, an riƙe, ba a zo ba. Mutum ya kama mako guda don kawai ya samu Asabar ɗin da yake so. Wannan ba haƙƙi ba ne?

Alhaji Na Newark: Tun da an zo maganar haƙƙi, ni ma ina da tawa. Akwai wani a cikinmu nan, ba zan kama suna ba, ya ari tantina mai ɗaukar mutum shida. Ya dawo mini da shi a naɗe cikin jaka, ya ce "na gode Alhaji, komai lafiya". Ban buɗe ba sai bayan wata huɗu. Ashe a jiƙe ya naɗe shi. Duk ya yi baƙin fumfuna, wari kamar an binne kifi, turaku huɗu babu, sanda ɗaya an ɗaure ta da salatif.

Ɗan Zongo: Tantin da ya kwana cikin fadama ke nan? Ni dai ban ce komai ba.

Mai Taksi 87: Alhaji, turaku uku ne, ba huɗu ba. Kuma sandar tun a gidanka take da tsagu, na nuna wa ɗanka ranar da na zo ɗauka.

Alhaji Na Newark: Au, ashe kai ne. Ni ban kira suna ba.

Hajiya Uwani: Ni ma kular da na bayar aro tun Yuli ba ta dawo ba, mai ita ta san kanta.

Baban Ilham: Jama'a, to in na samu wuri a layin baya, nisan banɗakin zai yi wa Hajiya yawa? Kuma dama ina shirin tambaya ko akwai mai tantin da zai ara mini.

Alhaji Na Newark: Akwai. Yana gareji. Ka zo da takunkumi.