Kula na ruwa: gwajin wa zan yarda da shi?

Ɗan Bat'ha: Salam 'yan uwa. Na haɗa kwamfuta da furosesa Ryzen 7 7700X don aikin bidiyo nan Riyad, kuma mukayyif (AC) ɗin ɗakina ba ya ja da rana. Ina son kula na ruwa (na'urar sanyaya furosesa) mai radiyeto 360mm amma masu gwaji a YouTube sun rikita ni, kula iri ɗaya wani ya ce digiri 70 wani ya ce 85. Don Allah wa zan bi?

Abu Hafsa: Wa alaikumus salam. Kar ka tsaya kan digirin kawai, fara duba zafin ɗakin da aka yi gwajin, mai gwajin kirki sai ya cire zafin ɗaki daga na furosesa sannan ya faɗi bambancin, don ruwan ba zai taɓa fin iskar ɗakinka sanyi ba. Sai ƙarar fanka, masu gwajin Gamers Nexus na YouTube kan daidaita fankoki su yi ƙara ɗaya kafin su kwatanta, in ba haka ba wanda ya fi ihu shi zai ci. Kuma ruwa na jimawa kafin ya ɗau zafi, duk wanda ya kunna manhajar gwajin furosesa ta Cinebench minti biyu ya kashe bai gwada komai ba. Ryzen 7000 ma an yi su ne su iya kaiwa 95 in aiki ya yi nauyi, kar ya tsorata ka.

Bakanon Jidda: Ya akhi ka rabu da ruwa. Nawa famfonsa ya mutu shekara ɗaya da 'yan watanni, ina tsakiyar aikin bikin mutane kwamfuta ta riƙa kashe kanta, na kai mahallin (shagon) da na saya suka ce sai wakilin kamfani, wakili ya ce ina fatura (rasit), ga faturar ta goge fari fat. Aikin ya kuɓuce, na mayar wa mutane kuɗinsu. Wane mai gwaji ne zai riƙe abu shekara biyu cikin ƙurar nan? Sati ɗaya suke yi da shi, kuma kyauta kamfani ke aiko musu.

Ummu Sadik: Allah ya mayar da alheri. Nawa ka saye shi?

Bakanon Jidda: Riyal 520.

Ɗan Misfala: Kai an yanke ka, ni 300 na ɗauko mai 360 a kasuwar kwamfuta ta Olaya.

Abu Hafsa: Famfo ɗaya da ya mutu ba hujja ba ne Malam, kamfanin Arctic ma daman (garanti) shekara 6 suke ba kulansu na ruwa Liquid Freezer.

Bakanon Jidda: Kai a bidiyo ka gani, ni aljihuna ya gani. Na koma na fanka, Peerless Assassin, hankalina kwance.

Ɗan Misfala: Ku ɗora ta kan randa kowa ya huta 😂

Ummu Sadik: Ni maganar fatura ce ta tsaya min. Ma'aikatar kasuwanci ta ce daman kayan lantarki shekara 2 ne, ana karɓar harajin kashi 15 a hannunmu amma takardar wata uku ta goge. Ku riƙa ɗaukar hotonta tun a mahallin.

Ɗan Bat'ha: To wanda aka yi oda daga waje fa, damansa na aiki a nan?