Wanda ya taɓa zuwa Delhi a watan Nuwamba ya ba mu labari

Baban Khalifa: Salam jama'a. Za mu kai Hajiyarmu asibiti Indiya watan 11, in ta samu sauƙi ina so in kai ta Agra ta ga Taj Mahal, ta daɗe tana maganarsa. Amma ana ta tsorata ni da batun hayaƙi, dan Allah wanda ya je me ya gani?

Uwar Biyu: Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni na je farkon Nuwamba 2019, lokacin da aka rufe makarantu a Delhi saboda iskar, wlh da muka sauka na ɗauka hazo ne irin namu na hunturu ashe ba haka ba ne, namu ƙura ce, wannan kuwa ƙauri yake kamar an cinna wa bola wuta, ido na yaji maƙogwaro na ƙaiƙayi, kwana uku ban leƙa ko'ina ba ina ɗaki ina tari, kasuwar da na ci burin shiga ma ban shiga ba.

Ɗalibi a Noida: Haka yake duk shekara Alhaji. Manoman jihohin Punjab da Haryana da ke kusa da Delhi ke ƙona karan shinkafa bayan girbi don su shuka alkama, ga wasan wutar bikin Diwali na Hindu ga motoci, sanyi kuma ya danne hayaƙin ya ƙi tashi. Akwai ma'aunin gurɓacewar iska (AQI) a waya, in ya haura 400 kar a fito da tsohuwa. Takunkumin N95 za ku saya, na ƙyalle ba ya komai.

Ɗan Kwari: Ni Agra ce ta ban haushi. Tun asuba na yi sammako don in ga fitowar rana, na biya kuɗin shiga, daga bakin ƙofa in ban da inuwar ƙubba ba abin da nake hange. Turawa ma cirko-cirko da kyamarorinsu. Sai wajen hantsi ya ɗan washe. Af, ranar Juma'a ba a buɗe wa masu yawon buɗe ido, ku lura.

Uwar Biyu: Hajiya na da asma ne?

Baban Khalifa: Tana da ita kuwa Anti, shi ne ma damuwata. Gobe zan tuntuɓi likitanta ko aikin zai iya jira zuwa watan 3, in ba zai jira ba to asibiti da masauki kawai, Agra sai wani jiƙon. Na gode ƙwarai.