Alƙur'anin kakanmu yana marmashewa, in kai a yi masa laminatin?

Ɗan Kurmi:
Salam jama'a. Muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu muka ci karo da Alƙur'aninsa na rubutun hannu cikin gafaka, gara ta ci gefen wasu warƙoƙi, wasu kuma kana ɗagawa suna karyewa kamar busasshen ganye. Ƙanina ya ce a kai shagon hoto a yi laminatin kowace warƙa a huta. Ya kuke gani?

Malam Na Zariya:
Wa alaikumus salam. Don Allah ɗan'uwa kar ka soma. Injin nan da zafi yake narkar da roba ta manne wa takarda, in ta kama ta kama kenan, ranar da robar ta fara ja ko ta kumbura ba mai iya ɓare ta sai da tawadar. Masu aikin gidan tarihi ba sa yin gyaran da ba za a iya warware shi gobe ba, shi ya sa in za su liƙe yagewa sai su sa wata siririyar takardar Japan da kokon sitacin alkama, wanda ɗan danshi kaɗan ke sake shi. Ka tuntuɓi Arewa House a Kaduna, tun 1970 suke harkar tsofaffin takardu.

Maman Iman:
Ni dai abin da zan ƙara, kar a sa a leda a ɗaure, gumi take yi da damina sai fumfuna. Ko littattafan Timbuktu da aka kwashe zuwa Bamako a 2012 saboda rikici, laimar can ce ta zama abin tsoro. A samu kwali mai tsabta a ɗora kan kanta nesa da bango, kuma banda fesa fiya-fiya a kai wlh.

Malam Na Zariya:
Hajiya ta yi gaskiya. Kuma tunda irin wannan ba a ɗinke yake ba, kar ka hargitsa jerin, duba ƙasan warƙa za ka ga kalmar da ke buɗe ta gaba, da ita ake gane tsarin. Ɗauki hoton kowace da waya kafin komai.

Ɗan Kurmi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Sai dai fa yaron nan ya riga ya manna salatif a warƙa uku jiya, in ɓare?

Malam Na Zariya:
Kash! Bar shi yadda yake, in ka ja da rubutun zai taho. Ware ukun nan daban ka tafi wa mutanen Arewa House da su.