Dogo ɗaya ko biyu a ƙwallon Ostireliya?

Tambaya: 'Yan'uwa, a gasar AFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin na Ostireliya wanda ake kama ƙwallo da hannu, shin ya fi dacewa ƙungiya ta dogara da ɗan tsalle ɗaya, wato dogon da ke doko wa abokansa ƙwallo idan alƙalin wasa ya jefa ta sama, ko kuwa ta saka biyu?

Amsa ta farko: Malam, ɗaya ya wadatar. A 2023 ƙungiyar Melbourne ta haɗa dogaye biyu, Max Gawn da Brodie Grundy, amma da yake kowannensu ya saba riƙe tsakiya shi kaɗai, sai aka ajiye Grundy, kuma a ƙarshen kakar ya koma Sydney.

Amsa ta biyu: Ban yarda ba, ɗan'uwa, domin Melbourne ɗin ce ta ɗauki kofin 2021 da dogaye biyu, Gawn da Luke Jackson. A lokacin Jackson yana iya komawa gaba ya cafke ƙwallo ya ci, saboda haka ƙungiya ba ta rasa komai idan Gawn ya karɓi tsakiya.

Amsa ta uku: Ku tuna cewa canjin 'yan wasa sau 75 kawai aka yarje wa ƙungiya a kowane wasa tun 2021, kuma dogo na biyu yana cinye gurbin mai gudu.