UConn da hukuncin 2013: aji ne ya watsa ƙungiyar, ko doka ce ta yi mata kwanton ɓauna?

Baban Amira: Jama'a, duk lokacin da aka tafi hutun kaka, hirarmu ɗaya ce: wa ya tafi, wa koci ya ɗauko, tsawonsa nawa. Ni a wurina, mai son ya auna hutun ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'a, to ya fara da sakamakon jarrabawar watan Mayu. Ku dubi UConn, wato Jami'ar Connecticut da ke Amurka. Sun ɗauki kofin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, a 2011 da Kemba Walker, amma aka hana su shiga gasar Maris ta 2013 saboda makin karatu. A hutun 2012 Andre Drummond da Jeremy Lamb suka wuce NBA, gasar ƙwararru, Alex Oriakhi ya koma Missouri, Roscoe Smith ya tafi jami'ar UNLV da ke Las Vegas, koci Jim Calhoun ya ajiye aiki a Satumba. Aji ne ya watsa su.

Dogo: Baban Amira, a yi haƙuri, ka haɗa gero da dawa a buhu ɗaya. Drummond na tara aka ɗauka a zaɓen NBA na shekarar, Lamb na 12. Masu irin wannan matsayi da wuya su zauna, ko da hukunci ko babu. Calhoun kuwa shekararsa 70, ga karayar ƙugu da ya samu a kan keke a watan Agusta. Oriakhi ne zan yarda da kai a kansa, don hukuncin ya faɗo a shekararsa ta ƙarshe. Abin da ke min ciwo shi ne, a Oktoban 2011 aka tsaurara dokar, sannan aka auna su da makin shekarun da suka riga suka wuce. Yaran da suka zubar da makin sun tafi, waɗanda suka rage suka sha bulala.

Ummu Hanif: Kafin ku yi nisa, a gane yadda ake lissafin makin karatun, wanda ake kira APR. Duk ɗan wasan da ke kan tallafin karatu yana da maki biyu a kowane zango: ɗaya idan ya ci darussansa yadda zai cancanci buga wasa, ɗaya idan ya ci gaba da zama a makarantar ko ya kammala. A lokacin, 'yan wasa 13 ake ba tallafi. Zango biyu, maki bibbiyu, 52 ke nan a shekara. A raba abin da aka samu da 52, a ninka da dubu. Maki 49 zai ba ka 942. Maki 48 zai ba ka 923, ka riga ka faɗi ƙasa da 930 da ake nema. Wato yara biyu kacal su faɗi jarrabawa kuma su bar makaranta a zangon ƙarshe, shekarar ta lalace. UConn ta samu 826 a 2009-10, wanda a wannan lissafi kamar zubar da maki tara ne. Shekarar da ta biyo ta samu 978. An nemi 900 a matsakaicin shekara huɗu ko 930 a na shekara biyu, nasu na shekara biyun ya tsaya a 902.

Baban Amira: Madalla, Hajiya. Dogo, maki tara ba tuntuɓe ba ne. Kuma an san inda ɓarakar take. Gasa tana ƙarewa a Maris ko farkon Afrilu, jarrabawa sai Mayu. Yaro ya ga NBA ko Turai na kiransa, ya tattara jakarsa ya tafi atisaye, ya bar takardu biyu ko uku bai rubuta ba. Maki biyu sun tafi tare. Da ya daure ya gama zangon lafiya sannan ya zama ƙwararre, za a yafe wa makarantar makin zaman. Sati biyar ko shida ne tsakani, kuma riƙe yaro na wannan lokaci aikin koci ne da ofishin karatu.

Na-Zariya: Ni matsalata da ma'aunin kansa ne, yayyena. APR yana ƙirga wanda ya ci da wanda ya zauna, bai damu da abin da aka koya ba. A jami'ar North Carolina, binciken Wainstein na 2014 ya gano kwasa-kwasan da babu shiga aji, takarda ɗaya za ka miƙa a ba ka maki mai kyau, tun 1993 har 2011, ɗalibai kusan 3,100, kusan rabinsu 'yan wasa. A 2017 NCAA ta ce ba za ta hukunta su ba, tunda sauran ɗalibai ma sun shiga. Makinsu ya fito fes. Waɗanda hukuncin ya fi kamawa kuwa ƙananan jami'o'i ne marasa kuɗin ɗaukar malaman ƙarin darasi, musamman tsofaffin jami'o'in baƙar fata.

Dogo: Ka faɗi abin da ke raina, ƙanena. Sannan ku tuna, sabon koci Kevin Ollie ya karɓi waɗanda suka rage, suka ci wasa 20 suka rasa 10 a kakar hukuncin, a 2014 kuma suka doke Kentucky 60 da 54 suka ɗaga kofi da Shabazz Napier. Ina rushewar? Makarantar nan ce fa Emeka Okafor ya gama digirinsa a fannin kuɗi cikin shekara uku, ya kuma ci kofin 2004.

Ummu Hanif: Mutum ɗaya ba ya wanke matsakaici, Malam Dogo. Amma abin da ya fi damuna shi ne yanzu. Tun Afrilun 2024 ɗan wasa na iya sauya makaranta sau nawa ya ga dama ya buga nan take, muddin karatunsa na kan hanya. "Kan hanya" ɗin nan ne tarko. A digiri mai kiredit 120, dole ya gama kashi 40 kafin shekara ta uku, kiredit 48 ke nan, sai 72 kafin ta huɗu, 96 kafin ta biyar. Kowane zango kuma ya ci aƙalla shida, 18 a shekarar karatu. Yaro zai zo da kiredit 75, sabuwar jami'a ta karɓe su, amma sashen da ya shiga ya ce wasunsu ba sa cikin sharuɗɗan digirinsa. Waɗanda suka shiga digirin kaɗai ake ƙirgawa. Sai a tura shi kwas ɗin da zai haɗiye tsofaffin kiredit ɗinsa, ko yana so ko ba ya so.

Baban Amira: Shi ya sa nake cewa a duba Yuni da Yuli. Doka ta ba koci sati takwas a hutun bazara, awa takwas a sati, huɗu daga ciki na koyar da wasa, sauran ɗaga ƙarfe da gudu. A wannan lokacin ne mai kariyoba ke cike giɓinsa. In ka ga an sanar da sabon ɗan wasa tun Afrilu amma har Yuli bai iso harabar makaranta ba, kada ka sa shi a jerin biyar ɗin farko tukuna.

Dogo: Wannan na karɓa. Amma kan 2013 ina nan a bakana: da an jira makin 2011-12 an haɗa da 978 ɗin, da su Napier sun buga gasarsu. Hajiya, a zaman da ake yi yanzu, idan yaro ya sauya makaranta alhali ya ci darussansa, tsohuwar makarantar na rasa makin zama?

Ummu Hanif: Ba ta rasawa, in ya tafi yana mai cancanta. In ya tafi da kariyoba har cancantar ta faɗi, duka biyun take rasawa, shi kuma ba zai buga nan take a sabuwar ba.