Wa ya taɓa kwana a ɗakin bayan a-kori-kura cikin dusar ƙanƙara?

Bazazzagin Kalgari: Salamu alaikum jama'a. Ina shirin sayen ɗakin nan da ake ɗorawa a bayan a-kori-kura, mai rufin da ake ɗagawa sama in an tsaya, gefensa tamfol. Ina so in kwana da shi a Banff, gandun shaƙatawa na duwatsu a nan Kanada, cikin Janairu, tunda akwai ɓangaren sansanin Tunnel Mountain da ba ya rufewa duk shekara. Waɗanda suka taɓa, me zan tarar?

Baban Amira, Minesota: Wa alaikumus salam. Malam, sanyi kam ka san da zamansa, danshi ne zai ba ka mamaki. Numfashinku kaɗai ya isa ya sa ƙarfen rufin ya yi gumi, cikin dare ya daskare, hita na kamawa da asuba ya narke yana ɗiga kan bargo. Ka bar ƙofar iska ta sama a buɗe kamar yatsa biyu, ko ranka bai so ba. Kuma hitar da ke cin gas a cikin ɗaki ba bututun fitar da hayaƙi, ruwa take ƙara wa iska, ga haɗarin iskar nan mai kisa marar wari. Kada ka kwanta ba ƙararrawar da ke gano ta. Ni mai shan dizal na sa, hayaƙinta waje yake fita, ɗaki a bushe.

Maman Sadik, Kolorado: Mu tun farkon hunturu muke juye tankin ruwa, in ba haka ba bututu ya fashe. Jarka muke ɗauka. Ruwan alwalar asuba kuwa a fulas yake kwana, don na buta dutse yake zama.

Injiniya: Abu biyu. Batirin lithium ba a cajinsa in sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, lalacewa yake, sai mai ɗumama kansa. Sannan gas ɗin butane yana daina tashi wajen digiri 0, propane kuwa sai kusan 42 ƙasa da sifiri. Duba kuma takardar da ke jikin ƙofar direba, ka ga nauyin da motarka ke iya ɗauka kafin ka biya kuɗi.

Kawu Direba: Ni fa na sayar da nawa. Kullum da safe sai ka share dusar da ta taru a rufi kafin ka sauke shi, tamfol ɗin ya sandare ya ƙi naɗuwa, yatsu na raɗaɗi. Ka dawo gida kuma ka sake ɗaga shi ya bushe, ko ya yi fumfuna. Da rani dai ba kamarsa, ba ya jan iska a hanya.

Bazazzagin Kalgari: Na gode ƙwarai. Kawu, shimfiɗar nan mai kauri da ake manna wa tamfol ta ciki, ka gwada ta kafin ka sayar?

Kawu Direba: Na gwada. Tana rage sanyi sosai, amma share rufi na nan.